WALIYYI FARANSIS DE SALES: SAURAYIN DA YA ZACI AN RUBUTA MASA WUTA

Ranar 24 ga Janairu ta kowace shekara Eklesiya Katolika takan tuna da Waliyyi Faransis de Sales, bishop kuma malamin Eklesiya. Da yawa cikinmu mun san shi da sanyin hali da tawali'u. Kaɗan ne suka san cewa tun yana saurayi ya kusa fid da zuciya ga jinƙan Allah, a kan wata tambaya da ba ta daina bin mu ba har wa yau. A cikin mota, ko a kasuwa, ko a bakin gadon asibiti, wani ɗan'uwa Kirista yakan tare ɗayanmu ya tambaye shi ko an cece shi, ko kuma ya tabbata zai shiga Sama in ya mutu a daren nan. Waɗansunmu sukan yi shiru don kunya, waɗansu kuwa su koma gida gabansu na faɗuwa. Wannan waliyyi ya sha wuya a kan tambayar nan fiye da yawancinmu, kuma amsar da ya samu ita ta riƙe shi har ƙarshen ransa.

Haihuwarsa da zamaninsa

An haifi Faransis ranar 21 ga Agusta, 1567, a gidan sarautar Sales kusa da Thorens, cikin ƙasar Savoy mai duwatsu, wadda yau take kudu maso gabashin Faransa. Shi ne ɗan fari, don haka mahaifinsa ya ɗora masa dukan burinsa: ya karanta shari'a, ya zama babba a majalisar ƙasa, ya auri 'yar babban gida.

Zamanin kuwa na rabuwa ne tsakanin Kiristocin Turai. Ba nisa da garinsu akwai birnin Jeniba, inda Yohanna Kalbin ya yi koyarwa har rasuwarsa a 1564. Kalbin ya koyar cewa tun fil'azal Allah ya zaɓi waɗansu domin rai madawwami, ya kuma ƙaddara wa waɗansu hallaka, kuma wanda aka zaɓa ba zai taɓa fāɗuwa har ya ɓata ba. Majalisar bishop-bishop ta Trent, cikin koyarwarta ta Janairun 1547, ta bi wata hanya dabam. Ta bayyana cewa ba mai iya sanin cewa lalle yana cikin zaɓaɓɓu da irin tabbacin da muke da shi a kan al'amuran bangaskiya, sai fa wanda Allah ya bayyana masa musamman. Amma ta kuma umarci kowa ya kafa begensa daram a kan taimakon Allah, gama Allah ba ya yashe mutum sai in mutumin ne ya fara juya masa baya.

Makonni shida na duhu

Aka tura Faransis birnin Faris, ya shiga makarantar Clermont ta Fadan Jesuit. Ban da karatun da mahaifinsa ya aike shi yi, yakan je sauraron masu ilimin tauhidi. Su ma malaman Katolika na lokacin suna ta muhawara a kan ƙaddarawa, suna ta juya rubuce-rubucen Waliyyi Augustin da na Waliyyi Toma Akwinas. Saurayin ya ɗauki abin da ya ji ya auna kansa da shi. Ya dubi kasawarsa da jarabobin ƙuruciya, ya ji addu'arsa ta bushe, sai wani tunani ya kama shi ya ƙi saki: shi yana cikin waɗanda aka rubuta wa wuta.

Wannan ya faru ne a Disamban 1586, yana da shekara 19. Wajen mako shida ya yi ba ci ba barcin kirki, ya rame ya ƙanjame. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tunanin cewa a gidan wuta ba a ƙaunar Allah, har ma ana zaginsa. Azabar wutar kanta ba ta tsorata shi kamar wannan ba.

Wata rana cikin Janairun 1587 ya shiga majami'ar Waliyyi Istifanus da ke kusa da makarantarsu, ya durƙusa a gaban siffar Budurwa Maryamu, wata baƙar siffa da mutanen Faris suke girmamawa ƙwarai. A nan ya miƙa wa Allah al'amarin duka. Ya yi alkawari cewa ko mene ne Allah ya tanada masa a lahira, shi dai zai ƙaunace shi a wannan duniya iyakar kwanakin da aka ba shi. Sa'an nan ya yi tsohuwar addu'ar nan ta neman taimakon Maryamu da ake kira Memorare. Kafin ya miƙe nauyin ya sauka daga kansa, lafiyarsa kuma ta dawo.

Mu lura, 'yan'uwa: ba a nuna masa sunansa cikin littafin rai ba a ranar nan. Ya fita daga majami'ar bai san ƙarshensa ba, kamar yadda ya shiga. Abin da ya sāke shi ne inda idonsa yake kallo. Dā kansa yake dubawa yana neman alamar zaɓe, yanzu kuwa ya dubi Allah wanda ya cancanci ƙauna.

Daga shari'a zuwa bagade

Daga Faris ya wuce jami'ar Padua a Italiya, inda ya sami digirin dakta a shari'a a 1591. A can ya sāke zama ya bincika maganar ƙaddarawa da natsuwar hankali. Ya tsaya a kan abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar cikin wasiƙar Bulus ta fari ga Timoti, sura ta 2, cewa nufin Allah ne dukan mutane su sami ceto. Ya gane cewa Kristi ya mutu domin kowa, Allah yana ba kowa alherin da zai ishe shi, kuma ba wanda yake hallaka sai wanda ya ƙi alherin da kansa.

Da ya komo gida, mahaifinsa ya riga ya samo masa matar aure, ga kuma kujera a majalisar dattawan Savoy tana jiransa. Faransis ya ƙi duka biyun cikin ladabi. Bayan doguwar jayayya tsohon ya sa masa albarka, aka naɗa shi firist ranar 18 ga Disamba, 1593.

Aikin bishara a Chablais

A Satumban 1594 ya ba da kansa don ya tafi yankin Chablais, a gaɓar tafkin Jeniba, inda jama'a suka yi kusan shekara 60 suna bin koyarwar Furotesta. Ya tafi tare da ɗan'uwansa, Fada Louis de Sales. Da dare yakan kwana a ganuwar sojoji ta Allinges, da safe ya gangara garin Thonon a ƙafa, cikin sanyi da ƙanƙara. Mutane suka ƙi zuwa jin wa'azinsa, har aka nemi ransa. Da ya ga haka sai ya shiga rubuta koyarwar Katolika a 'yan takardu, ana tura su ta ƙarƙashin ƙofofin gidaje. Sai a Kirsimetin 1596 ya sami yin Misa a fili a majami'ar Thonon.

A 1597 ya shiga Jeniba a ɓoye ya gana da Theodore Beza, magajin Kalbin, tsoho mai shekara kusan 80. Sun yi magana cikin mutunta juna, ko da yake Beza bai bar ra'ayinsa ba. Jama'ar Chablais kuwa da yawa sun komo Eklesiya Katolika. Gaskiya ta wajabta mana mu faɗa cewa a 1598 sarkin Savoy ya sa ƙarfin mulki cikin al'amarin, har ya kori waɗanda suka ƙi komowa. Halin zamanin ke nan, kuma Eklesiya a Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a fili cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Abin da mutanen yankin suka riƙa tunawa da shi game da Faransis kansa shi ne haƙurinsa da taushin harshensa.

Makiyayin masu tsoro

Ranar 8 ga Disamba, 1602, aka keɓe shi Bishop na Jeniba, amma a garin Annecy ya zauna, domin birnin Jeniba yana hannun mabiyan Kalbin. Ya ziyarci ƙauyukan dayosis ɗinsa har waɗanda suke can kan duwatsu, ya koya wa yara katekisma da kansa, ya kuma zauna sauraron masu tuba ba gajiya. Wani kurma ma ya ɗauke shi gidansa ya koya masa addini da alamun hannu har ya karɓi sakramenti. An san cewa asalinsa mai saurin fushi ne, kuma shekaru da dama ya yi yana yaƙi da halin nan.

A lokacin Azumi na 1604, yana wa'azi a Dijon, ya sadu da Jane Frances de Chantal, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, wadda mijinta ya mutu a hatsarin farauta. Tana fama da shakka da tsoron cewa Allah ya yashe ta. Wanda ya taɓa kwana cikin wannan rami ya san hanyar fita. Ya koya mata ta bauta wa Allah da ƙauna maimakon firgita, ta daina tono zuciyarta dare da rana. A 1610 su biyun suka kafa ƙungiyar sistoci ta Ziyarar Maryamu. Wasiƙunsa sama da 2,000 sun wanzu, da yawansu zuwa ga masu irin wannan damuwa.

Littafinsa na gabatarwa ga rayuwar ibada, wanda ya fito a 1609, ya nuna cewa matar aure da soja da mai sana'a duk an kira su zuwa tsarki a inda suke. A 1616 ya fitar da babban littafinsa a kan ƙaunar Allah. A ciki ya kwatanta Ubangiji da uwa mai koya wa ɗanta tafiya: ta riƙe hannunsa a wuri mai sauƙi, ta ɗauke shi a wuri mai wuya. Ya koyar cewa muddin muna cikin jiki muna iya saki hannun nan ta wurin zunubi mai kisa, kuma jimrewa har ƙarshe kyauta ce da ba mai saye da aikinsa. Ana roƙonta ne da addu'a, da azumi, da sadaka, da karɓar sakramenti, da zama tare da mutanen kirki.

Rasuwarsa

A ƙarshen 1622, ba shi da cikakkiyar lafiya, ya bi ayarin sarkin Savoy zuwa Avignon. A kan hanyar dawowa ya sauka a Lyon, ya ƙi masaukin manya, ya zaɓi ɗakin mai lambu na gidan sistocinsa. Can ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya karɓi sakramenti na ƙarshe, ya rasu ranar 28 ga Disamba, 1622, yana da shekara 55. Aka binne shi a Annecy ranar 24 ga Janairu, 1623. An sa shi cikin waliyyai a 1665, Paparoma Pius na 9 ya ba shi matsayin malamin Eklesiya a 1877, Paparoma Pius na 11 kuma ya mai da shi majiɓincin marubuta da 'yan jarida a 1923. Sunansa ne Don Bosco ya sa wa ƙungiyarsa ta Salesiyan.

Abin da ya bar mana

Ramummuka biyu ne a gefen hanyar Kirista. Ɗaya shi ne ganganci: mutum ya ce tun da ya ba da gaskiya sau ɗaya, ko me ya aikata daga baya Sama tasa ce. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa cewa mai zaton yana tsaye ya yi hankali da fāɗuwa, mu ma kuwa mukan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ɗayan ramin shi ne fid da zuciya, wato mutum ya ɗauka zunubinsa ya fi jinƙan Allah girma. Faransis ya leƙa wannan na biyu da idonsa, ya kuma ƙare ransa yana janye mutane daga bakinsa.

Tsakanin ramukan nan akwai bege. Manomin da ya yi shuka ba ya alfahari da rumbu tun hatsi bai nuna ba, amma kuma ba ya zama yana kuka cewa damina ba za ta yi ba. Yakan fita noma kowace safiya da sa rai. Begenmu ya fi nasa ƙarfi, gama damina takan yi gardama, alkawarin Allah kuwa ba ya tashi. A 1999, a birnin Augsburg, Eklesiya Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan yarjejeniya da ta amince cewa mai bi yana iya dogara ga jinƙan Allah da alkawaransa, ko da yana ganin kasawar kansa. A 2017 tarayyar ikilisiyoyin da suka gāji Kalbin ita ma ta shiga yarjejeniyar.

Saboda haka in an sāke tare mu da tambayar nan, kada mu yi fushi, kada kuma mu sunkuyar da kai. Mu amsa da ladabi cewa Yesu Kristi ya fanshe mu a kan giciye, ya wanke mu a Baftisma, yana ciyad da mu a bagade, yana tā da mu a sakramentin tuba duk sa'ad da muka fāɗi, muna kuma sa rai ƙwarai zai cika aikin da ya fara a cikinmu. Wanda ya daɗe bai je furta zunubansa ba don yana ganin nasa ya wuce gafara, bari ya zo ya ga Fada kafin idin nan. Wanda kuma yake da ɗan'uwa mai wannan tsoro a gida, ya karanta masa labarin saurayin nan na Faris.

Waliyyi Faransis de Sales, ka yi addu'a dominmu.