Kyaftin Scammon da Dabbobin Teku

Masuntan Auyo sun san giwan ruwa, sun san kuma yadda kifi ke bin ambaliyar kogin Haɗeja ya shiga fadama ya hayayyafa. To, can a tekun Pasifik akwai wata dabba wadda ake kira wel, ita ma haka take yi. Siffarta ta kifi ce, amma iska take shaƙa, tana kuma shayar da ɗanta nono kamar ayu. Irin mai ruwan toka takan kai tsawon ƙafa 45. Kowace shekara takan taso daga ruwan sanyi na arewa, ta yi tafiyar wajen mil 5,000, ta zo bakin ƙasar Meziko ta haihu.

Wanda ya tona asirin mahaifarta wani Ba'amurke ne, Charles Scammon. An haife shi a jihar Maine cikin shekarar 1825. Tun yana saurayi ya shiga aikin jirgin ruwa, a 1850 kuwa ya koma Kalifoniya. A zamanin nan man wel ake zuba wa fitila, saboda haka farautarta hanyar arziki ce.

A ƙarshen 1857 ya ratsa da jirginsa ta wata ƙunƙuntar mashiga mai yashi, sai ga shi cikin wani makeken tafki da ke haɗe da teku. Ko'ina ya duba iyaye ne da 'ya'yansu, suna fesa numfashi sama kamar hayaƙi. Mutanensa suka shiga ƙananan jirage da masu. Ashe uwar ba ta gudu ta bar ɗanta. Da an taɓa shi sai ta juyo ta doki jirgin da wutsiya, ta farfasa shi. Mutane da dama suka ji rauni. Duk da haka Scammon ya koma gida da ganguna cike da mai.

Labari ya bazu, jirage suka yi ta tururuwa zuwa wurin. Kafin shekara 20 dabbobin sun yi ƙaranci ƙwarai, gama wanda ya kashe uwa a mahaifa ya kashe har da na baya.

Amma Scammon ba mafarauci ba ne kawai. In an kashe dabba yakan auna ta, ya zana siffarta, ya rubuta abincinta da hanyar da take bi. A 1863 ya bar farauta ya kama aikin jiragen gwamnati. A 1874 ya fitar da littafi a kan dabbobin tekun, a ciki ya nuna tsoronsa kada wannan iri ya ƙare. Littafin bai sami kasuwa ba a lokacin, sai daga baya masana suka gane darajarsa. Ya rasu a 1911.

A 1946 ƙasashe suka yi yarjejeniya wadda ta hana farautar wannan iri don ciniki, a 1972 kuma Meziko ta mai da tafkin wurin da ba a taɓa su. Sannu a hankali suka sake yawaita. Yanzu baƙi sukan biya kuɗi, masuntan wurin su ɗauke su a ƙananan jirage su kai su kallo. Wani lokaci uwa takan matso da ɗanta dab da jirgi har yara su shafa kansa. Turawa har yau da sunan Scammon suke kiran tafkin.