Gwarzonmu na Wannan Mako: Alhaji Abubakar Imam (1911–1981)

A makon jiya mun zaga wasu azuzuwa muna tambaya: wa ya san labarin akun nan da ya zama waziri? Hannuwa suka tashi da yawa. Da muka ce to wa ya rubuta shi, a ina aka haife shi, sai aka yi tsit. Wasu ma sun ɗauka tatsuniya ce da aka gada daga kakanni. Shi ya sa ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta ga ya dace ta kawo muku tarihin mutumin.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, don haka da allo ya fara. Daga nan aka kai shi Katsina, inda ya shiga makarantar boko, har ya kai ga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Da ya gama a 1932 sai ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta garin. Wato shi ma malamin aji ne, mai riƙe alli kamar malamanmu.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A lokacin malamai sun saba da rubuta waƙoƙin wa'azi da littattafan addini, amma ƙaga labari a rubuce baƙon abu ne. Imam, yana ɗan shekara 22 kacal, ya shiga da Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Littafin ya shiga cikin biyar ɗin da aka buga. Sauran su ne Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Ganin irin alƙalaminsa ya sa aka aro shi zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta littafin karatu na 'yan makaranta. Cikin wata shida ya haɗa Magana Jari Ce, littafi uku. A na farko, aku ne ke ta ba Musa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita daga gida, alhali mugun waziri ya ƙulla masa makirci a waje. A na biyu akun ya shiga gasar labarai da wani aku, a na uku kuma yana tarbiyyar ɗansa Fasih. Da yawa daga cikin labaran Imam ya samo tushensu ne daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus. Sai dai ya sauya musu suna da gari da sutura, ya sa musu karin maganarmu, har mai karatu ya rantse a kasuwar ƙauyensu abin ya faru. Nan gwanintarsa take.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma shi ne editanta na farko na Hausa. Ya yi shekara goma sha biyu a kan aikin. Mu 'yan ƙungiyar jarida, wannan ya sa muke ɗaukarsa kakanmu. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. Abin da ya gani a wannan tafiya shi ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan haka ya shiga majalisa, ya kuma riƙe manyan muƙamai a aikin gwamnatin Arewa. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 19 ga Yuni, 1981, a Zariya.

Bayan rasuwarsa, gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki. Ku tambayi iyayenku, wasu za su tuna yadda ake cika gidan mai talabijin don kallonsa. A ƙasashen Turai kuwa, gidajen talabijin kan shirya fim sukutum a kan rayuwar marubutan littattafan yara, a nuna gidan da suka zauna da makarantar da suka yi. Muna roƙon gidajen talabijin na Dutse da Kano su yi wa yaranmu irin wannan a kan Imam, su je Kagara da Katsina da Zariya, tun waɗanda suka zauna da shi suna da rai. Dattijo idan ya tafi, da abin da ya sani yake tafiya.

Mu ma a nan Kafin Hausa akwai namu aikin. Duk wanda ke da Magana Jari Ce a gida, ko da bangonsa ya yage, ya kawo mu riƙa karanta labari ɗaya duk ranar Alhamis bayan an tashi. Wanda kuma ya iya ƙaga nasa labarin, ya rubuta ya miƙa wa sakataren ƙungiya ko malamin Hausa. Wanda ya fi kyau za mu manna shi a wannan allo mako mai zuwa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.