Anselme Payen: Bafaranshen da ya ware sinadarin da ke riƙe ƙwayar magani

A ƙwayoyin magani da dama, sinadarin da ke warkarwa ɗan ƙanƙani ne. Sauran farin garin shi ke hana ƙwayar marmashewa a kwali, shi ke kuma taimaka mata ta watse idan ta isa ciki, kuma sau da yawa selulos ne ƙashin bayansa. Wanda ya fara ware selulos shi ne Anselme Payen, wanda aka haifa a Paris a 1795.

A masana'anta Payen ya ƙware kafin ya zama farfesa. Tun yana saurayi ya riƙe matatar sinadarin boraks, ya samo hanyar haɗa shi da araha, har ya karya kaka-gidan da 'yan kasuwar Holan suka yi a cinikinsa. A 1833 shi da Jean-François Persoz suka gano diyastes, mai mayar da sitaci sukari.

Babban aikinsa ya zo a 1838. Ya riƙa jiƙa itace da sauran sassan tsirrai a asid yana wankewa, sai ya lura kullum zare iri ɗaya ke saura, wanda ginshiƙan sinadarinsa daidai suke da na sitaci. Shekara guda bayan haka aka raɗa wa zaren suna selulos.

Payen ya rasu a Paris a watan Mayun 1871, bai ga inda bincikensa ya kai ba. Sai a 1955 Orlando Battista ya samar a Amurka da garin selulos mai mannewa da kansa idan inji ya matse shi. Garin, da aka sayar da sunan Avicel, ya ba masana'antu damar buga ƙwaya kai tsaye, ba tare da an fara kwaɓa haɗin da ruwa ba.