Tarihin Sir Percy Girouard, gwamnan da ya tsara layin dogon Baro zuwa Kano

A cikin Turawan da suka mulki Arewacin Nijeriya babu wanda sunansa ya zauna a bakin jama'a kamar Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga. To amma wanda ya gaje shi, Sir Percy Girouard, ko da yake bai cika shekaru uku a kan kujerar ba, shi ne ya tsara layin dogon da ya kai jirgin ƙasa Kano, ya kuma shawo kan gwamnatin Birtaniya ta amince a nemo kuɗin gina shi.

An haifi Édouard Percy Cranwill Girouard ranar 26 ga watan Janairun 1867 a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne kuma ɗan majalisa daga cikin 'yan Kanada masu magana da Faransanci, wanda daga bisani ya zama alƙali a kotun ƙolin ƙasar. Percy ya kammala kwalejin soja ta Kingston a 1886, ya yi shekaru biyu yana aikin safiyo da kamfanin jiragen ƙasa na Canadian Pacific, sannan a 1888 ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya, inda aka ba shi kula da zirga-zirgar jiragen ƙasa a ma'aikatar ƙera makamai ta Woolwich.

A Sudan ne ya yi suna. A 1896 Janar Kitchener ya ɗauke shi cikin rundunar da ta taso daga Masar don murƙushe daular Mahadi. Kitchener na son ya kauce wa doguwar kwanar da kogin Nilu ke yi, ya ratsa hamadar Nubiya kai tsaye daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, tafiyar kimanin mil 230 a inda babu ruwa, babu inuwa. Ƙwararru da dama sun ce aikin ba zai yiwu ba. Girouard, wanda a lokacin ƙaramin hafsa ne mai shekaru 29, ya fara aikin a ranar farko ta 1897, kuma kafin watan Oktoba ya ƙare dogo ya isa Abu Hamed. Ta wannan hanya aka yi jigilar sojoji da makaman da suka karya rundunar Khalifa Abdullahi a Karari, kusa da Omdurman, ranar 2 ga Satumban 1898, inda aka kashe dubban Ansar cikin 'yan sa'o'i.

Daga nan ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa ta Masar, sannan ya riƙe ragamar jiragen ƙasa na Afirka ta Kudu a lokacin yaƙin Birtaniya da Turawan Boer. Kafin ya cika shekaru 35 an ba shi lambar girma ta Sir.

Audugar Lankasha da asusun Kudu

A lokacin da Lugard ya bar Arewa a 1906, yankin ba ya iya ɗaukar nauyin kansa. Baitulmalin Birtaniya ne ke cike giɓin kasafinsa da tallafin kimanin fam dubu 300 a shekara, Kudancin Nijeriya kuma na ƙara nasa gudummawar. Hanyar fitar da kaya kuwa ita ce kan ɗan dako da bayan jaki. Wani ɓangare na cinikin Kano har lokacin raƙuma ne ke ɗauke da shi ta Agadas da Ghat zuwa Tarabulus, cikin ƙasashen da Faransa da Turkiyya ke iko da su, abin da ke nufin ribar na zuba ne a aljihun wasu. Har ila yau tawayen Satiru na farkon 1906 ya nuna wa Turawa cewa kai sojoji daga wannan gari zuwa wancan na cin makonni.

Matsin lamba mafi ƙarfi dai daga Ingila ya fito. Masaƙun lardin Lankasha sun dogara ne galibi kan audugar Amurka, kuma tashin farashinta a farkon ƙarnin ya sa da yawansu rage kwanakin aiki. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta ƙwallafa rai kan ƙasar Hausa, inda ta ji labarin ana noman auduga da saƙa tun shekaru aru-aru. Ta kuma yi dace da mai goya mata baya, domin ƙaramin ministan kula da ƙasashen mulkin mallaka na lokacin, Winston Churchill, ɗan majalisa ne mai wakiltar wata mazaɓa a Manchester.

Saura batun hanyar da dogon zai bi, kuma a nan aka ja daga. Gwamnan Kudu, Sir Walter Egerton, na son a miƙe da layin Ikko, wanda ya isa Ibadan tun 1901, har zuwa Kano, don kaya su riƙa fita ta tasharsa. Lugard kuwa ya daɗe yana neman Arewa ta sami layinta na kanta daga gaɓar kogin Kwara. Don warware wannan taƙaddama aka naɗa Girouard babban kwamishinan Arewa a 1907, muƙamin da aka mayar na gwamna a shekarar da ta biyo baya.

Bai ɓata lokaci ba. Cikin 'yan makonni da isowarsa ya aika da rahoto Landan, inda ya goyi bayan a fara daga Baro, wani ƙauye na ƙasar Nupe da ke bakin Kwara, a bi ta kusa da Bida zuwa Zariya da Kano, nisan mil 356. Abin da ya ja hankalin baitulmali shi ne farashi. Girouard ya ƙiyasta kimanin fam dubu 3 a kowane mil, ƙasa da rabin abin da layin Ikko ya ci. Dabararsa ita ce wadda ya koya a hamada: a shimfiɗa dogo maras nauyi, a taƙaita gine-ginen tasha, a jinkirta duk wani gyara da ba dole ba sai ciniki ya kankama, sannan ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ta yi aikin da kanta ba tare da 'yan kwangila ba. A kan faɗin layin kuwa ya tsaya a kan ƙafa uku da inci shida, daidai da na Ikko, don wata rana a iya haɗa su.

A watan Agustan 1907 aka amince da shirin, aka kuma bar Egerton ya ci gaba da nasa layin ta Jebba don ya haɗu da na Arewa. Da yake yankin da ke rayuwa da tallafi ba ya da abin jingina, sai aka ɗora wa Kudancin Nijeriya ɗaukar bashin, wanda ya kai kusan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Kaso mai tsoka na kuɗin shigar Kudu a wancan zamani daga harajin barasar da ake shigowa da ita yake fitowa, barasar da doka ta hana a sayar wa mutanen Arewa. Ke nan akwai kuɗin kwalba a cikin abin da ya tsaya wa dogon da ya shiga ƙasar Musulmi.

Waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka

An fara shimfiɗa dogo a farkon 1908, ƙarƙashin jagorancin John Eaglesome, daraktan ayyuka na Arewa. Manyan jiragen ruwa ba sa iya kaiwa Baro sai lokacin da Kwara ta cika, saboda haka tilas a kwaso ƙarafan shekara guda cikin 'yan watanni.

Arahar da Girouard ya yi alkawari ba daga dabarar injiniya kaɗai ta samu ba. Razdan-razdan ne ke yanka wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, sarakuna su rarraba wa hakimai da dagatai, a kwaso manoma rukuni-rukuni su yi 'yan makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa kafin a musanya su da wasu. Gaskiya ne ana biyansu da tsabar kuɗi hannu da hannu, abin da ya taimaka wajen yaɗuwar sulalla a inda aka saba da wuri, amma mutumin da dagaci ya nuna da yatsa ba shi da zaɓi. Nupawa da Gwarawa ne suka fi ɗanɗana kuɗar aikin, ga kuma neman hatsin ciyar da ma'aikata. A 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gwari suka kashe wani jami'in Bature da 'yan sandan da ke tare da shi, lamarin da masana tarihi ke dangantawa da wannan matsi, kuma Turawa suka mayar da martani da ƙarfin bindiga.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba, domin a 1909 aka ɗauke shi zuwa Gabashin Afirka. A zamanin magajinsa, Sir Hesketh Bell, dogo ya isa Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, kuma kuɗin da ya ci ya haura ƙiyasin farko.

Audugar da aka gina layin dominta ba ta zo ba. Masaƙan Kano da Zariya na biyan manomi fiye da farashin da Turawa suka yanka, don haka ta ci gaba da ƙarewa a kasuwannin gida. Abin da ya cika taragu shi ne gyaɗa, wadda masana'antun Turai ke nema don yin man shafa wa burodi da sabulu. Fataken Kano, waɗanda suka goge a cinikin goro, suka raba kuɗi da kaya a ƙauyuka, manoma suka amsa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan dubu 3 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan dubu 19. A kan wannan ciniki ne Alhassan Ɗantata ya gina dukiyarsa, daga nan kuma dalar gyaɗa ta samo asali.

Baro ma ba ta ci moriyar da aka zata ba. Da layin Ikko ya haɗu da na Arewa a Minna, musamman bayan kammala gadar Jebba a 1916, sai kaya suka karkata zuwa tashar da ke aiki rani da damina, reshen Baro ya riƙa ja da baya har ya daina aiki. Sai a Janairun 2019 shugaban Nijeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a garin. Haɗuwar layukan biyu da bashin da ya ɗaure Kudu da Arewa na cikin dalilan da suka share fagen haɗe yankunan a 1914.

Wani abin da Girouard ya bari a Arewa shi ne tsarin mallakar ƙasa. Yana fargabar dogo zai jawo 'yan kasuwar filaye, saboda haka ya matsa aka kafa kwamiti a Landan a 1908, wanda aikinsa ya haifar da dokar 1910 da ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna a matsayin amana don amfanin 'yan ƙasa. Dokar ta toshe wa kamfanonin Turai hanyar mallake gonaki, ko da yake ta kuma tattara iko mai yawa a hannun gwamnati.

Abin mamaki, batun ƙasa ne ya kayar da shi a Kenya. A can ya karkata ga Turawa 'yan kama-wuri-zauna, ya jagoranci yarjejeniyar 1911 da ta tashi Masai daga makiyayarsu ta Laikipia, duk da alkawarin da aka yi musu a 1904. Da sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt ya gano cewa tun da wuri an yi wa Turawa alkawarin filayen, sai dangantaka ta yi tsami, Girouard ya ajiye aiki a 1912.

Ya koma Ingila ya zama darakta a kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth, kuma a 1915 ya riƙe muƙamin babban daraktan samar da makamai na ɗan gajeren lokaci a ƙarƙashin Lloyd George. Ya mutu a Landan ranar 26 ga Satumban 1932 yana da shekaru 65. Akwai wani dutse a lardin Alberta na Kanada da aka sa wa sunansa.