Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa Da Littafin Shaihu Umar

An haifi Alhaji Sir Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa ta ƙasar Bauchi cikin shekarar 1912. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, aiki yake yi a gidan hakimin Lere. Ilmi ne ya ɗaga shi. Ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1928, ya fito cikin 1933, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi.

A shekarar da ya fito ne Ofishin Fassara na Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira. Malam Abubakar ya shiga da Shaihu Umar. Wanda ya karanta littafin nan zai gane abin da ɗan talaka ya ɗauka shi ne jin daɗin duniya. Makau, mijin uwar Umar, bafade ne wanda sarki ke so, amma bayan wani hari a ƙasar Gwari sai 'yan'uwansa fadawa suka yi masa ƙazafi, aka kore shi daga gari. Watau daɗin fada ba shi da tabbas. Shi kuwa Umar an sace shi yana yaro, ya tashi a hannun wani Balarabe, uwarsa ta faɗa bauta garin nemansa. A ƙarshe bai zama attajiri ko sarki ba, sai malami a Rauta, almajirai kewaye da shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka rubuta don gasar nan, da dukiya da ɗaukaka Alhaji ya komo gida. A nan kuwa ilmi da natsuwa su ne ribar wahala.

Haka ya tafi da siyasarsa. Cikin 1950 ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e don a riƙa jin kukan talakawa. Ya zama Firayim Minista cikin 1957, ya riƙe muƙamin har ran 15 ga Janairu, 1966, sa'ad da sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko suka kashe shi. Aka binne shi a Bauchi. Bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Allah ya jiƙansa, amin.