Alvan Barach, likitan da ya share fagen sana'ar kula da numfashi

An haifi Alvan Barach a Amurka a 1895, ya karanci likitanci a Jami'ar Columbia da ke New York. A zamaninsa cutar namoniya tana kisa ba ƙaƙƙautawa, ba a kuma iya bai wa majinyata iskar oksijin bisa ƙa'ida ba. A shekarun 1920 ya inganta wani tanti da ake rufa wa majinyaci, yana shaƙar oksijin mai sanyi a ciki. Da yake na'ura sai da gwani, a 1944 ya wallafa littafi kan dabarun wannan jinya, wadda yau ake yin digirinta a jami'o'in Amurka. Ya rasu a 1977.