Dakta Wu Lien-teh (1879–1960)

An haifi Wu Lien-teh a tsibirin Penang da ke ƙasar Maleshiya ta yau, ranar 10 ga Maris, 1879. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne, ɗan asalin ƙasar Sin. A shekarar 1896 ya tafi Ingila, inda ya karanci aikin likita a Jami'ar Kambirij.

Abin da ya fito da sunansa ya faru ne a ƙarshen 1910, lokacin da wata annoba ta ɓarke a yankin Manchuriya, gwamnatin Sin kuma ta tura shi birnin Harbin. A wancan zamani likitoci sun ɗauka cewa ƙumar jikin ɓeraye ce kaɗai ke yaɗa irin wannan cuta. Wu ya feɗe gawar wata mata 'yar Japan, abin da al'adar wurin ke ƙyama matuƙa, ya tarar ƙwayar cutar ta cika huhunta. Daga nan ya tabbatar cewa ta hanyar tari da numfashi take kama mutane, saboda haka babu wanda ya fi likita da mai jinya shiga haɗari, domin su ne ke sunkuyawa a kan majiyyaci.

Sai ya haɗa wani takunkumi mai sauƙi: auduga a tsakanin ƙyallen bandeji, a rufe hanci da baki, a ɗaure a ƙeya. Arha gare shi, kuma kowa na iya ɗinka shi. Amma ba kowa ya saurare shi ba. Wani gogaggen likita Bafaranshe, Gérald Mesny, ya raina ra'ayin wannan matashi, ya shiga duba marasa lafiya fuska a buɗe. Cikin 'yan kwanaki cutar ta kama shi, ya mutu a watan Janairun 1911. Mutuwarsa ta gamsar da waɗanda hujja ba ta gamsar ba, ma'aikatan asibiti suka rungumi takunkumin.

Wu ya kuma killace masu cutar, ya sa aka taƙaita zirga-zirgar jiragen ƙasa, ya nemi izinin fada aka ƙone gawarwakin da ƙanƙara ta hana a binne. Kafin annobar ta lafa ta kashe kimanin mutum 60,000. A watan Afrilun 1911 ya shugabanci taron likitocin duniya kan annoba a Mukden.

Da Japan ta mamaye Sin a 1937, ya koma ƙasarsa ta haihuwa, ya buɗe ɗakin shan magani a Ipoh. Ya rasu a Penang ranar 21 ga Janairu, 1960.